Bayan An Ce Miki "Ba Ciwon Daji Ba Ne"

Wannan jawabi ne da wata ma'aikaciyar jinya ta yi a taron Zumuntar Mata. Mun buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba, a kuma tattauna a kansa.

Na san da yawa sun bar aiki a gida da gona kafin su zo nan, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Sau da yawa in an tara mata a kan ciwon daji na nono, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa, maganar takan tsaya a kan waɗanda ba su taɓa zuwa an duba su ba. Yau da wasu dabam nake so in yi magana. Su ne matan da suka ji ƙullutu a nono, ko aka gano shi lokacin da ma'aikatan lafiya suka zo gari, suka yi ƙarfin hali suka tafi asibiti, aka duba, aka ce musu, "Mama, kwantar da hankalinki, wannan ba ciwon daji ba ne." Labari ne mai daɗi, ya kuma isa a yi godiya. Amma da yawa daga cikinsu, tun daga ranar ba a ƙara ganinsu a wurin gwaji ba. Abin da nake so kowace ta riƙe ta kai gida shi ne: amsar da aka ba ki, amsa ce a kan wannan ƙullutun, a wannan lokacin. Shekaru suna tafiya, jiki kuma yana canzawa. Dole a ci gaba da dubawa.

Yawancin ƙullutu ba ciwon daji ba ne

Bari mu fara da abin da zai kwantar da hankali. A cikin ƙullutu 10 da ake samu a nonon mata, wajen 8 ko 9 ba ciwon daji ba ne. Akwai irin wanda 'yan mata da matasan mata suka fi samu. Yana da santsi, yana da ɗan tauri, in kin taɓa shi sai ya zame ƙarƙashin yatsa kamar gyaɗa a cikin jaka. Akwai ƙullin ruwa, wanda ya fi zuwa wa mata masu shekara 35 zuwa 50, yakan kuma yi zafi in al'ada ta kusa. Mai shayarwa takan sami daskarewar ruwan nono, ko maruru mai mugunya da zazzaɓi. Wani lokaci kuma buguwa ce ta bar tauri a cikin kitsen nono.

Likita ba ya iya rarrabe waɗannan duka da ido. Hanya uku ce ake bi. Ta farko, a taɓa da hannu. Ta biyu, a ɗauki hoto, ko dai sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki, ko kuma hoton nono na musamman da ake kira mamogiram. Ta uku, a sa allura a ciro ɗan nama kaɗan a kai ɗakin gwaji. In amsoshin nan suka yi daidai da juna, to, an sami tabbaci mai ƙarfi. Saboda haka kiran da aka yi miki a ce ki dawo a ƙara dubawa, ba alama ce ta cewa an ga mutuwa ba. A Amurka, inda ake yin mamogiram sosai, kusan mace 1 cikin 10 ake sake kira bayan hoto, kuma mafi yawansu a ƙarshe ba a samun kome.

Me ya sa mata ba sa komawa?

Kada wata ta ɗauka wannan hali na matan ƙauye ne kawai. A shekarar 2024 masu bincike a Amurka sun fitar da sakamakon nazari a kan mata fiye da miliyan 1. Cikin matan da hotonsu ya fito lafiya tun farko, 77 cikin 100 sun dawo gwaji na gaba. Cikin waɗanda sai da aka ciri nama kafin a ce ba kome, 67 ne suka dawo. Cikin waɗanda aka ce su sake hoto bayan wata 6 kafin a tabbatar, 61 ne kawai suka dawo gwajin da ya biyo baya. Waɗannan mata ne masu asibiti kusa da motar zuwa. To, ina ga macen da sai ta hau babur ta ƙetare rafi, ta kuma shiga mota?

A wurin aiki, dalilai huɗu na fi ji daga bakin mata.

Na farko: "Ai an riga an wanke ni." Mai wannan magana ta ɗauki takardar asibiti kamar irin allurar rigakafin da in an yi sau ɗaya an gama. In wani sabon ƙullutu ya fito bayan shekara uku, sai ta ce, "Irin na dā ne, zai tafi." Nan ne haɗarin yake. Sabon ƙullutu sabon baƙo ne, ba mu san shi ba sai an duba shi. Dukanmu manoma ne. Babu wadda take yin noman fari ta ce ta gama da ciyawa har kaka. Sai an koma an yi maimai, domin gonar da take fes yau, bayan mako uku wata ciyawar ta tsiro.

Na biyu: "Ba zan iya sake shiga wannan tashin hankali ba." Wannan na fahimce shi ƙwarai. Kwanakin jiran sakamako ba su da daɗi. Mace ba ta barci, abinci ba ya shiga, tana kallon 'ya'yanta tana tunanin wa zai riƙe su. A ƙasar Denmak an bi sawun irin waɗannan mata, a shekarar 2013 aka ba da rahoto cewa har bayan shekara 3 da gaya musu ba su da ciwon, damuwarsu ta fi ta matan da ba a taɓa sake kiransu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron gaskiya ne, kada kowa ya yi wa mai shi dariya. Sai dai ƙin zuwa ba ya hana ciwo zuwa, abin da yake hanawa shi ne ganinsa da wuri. Ki kuma tuna, ke kin riga kin san hanya, kin san ɗakin, kin san yadda ake yi. Zuwa na biyu ya fi na farko sauƙi.

Na uku: "An sa mun yi asarar kuɗi a banza." Wata an sayar da akuya, wata buhun masara, aka biya mota da hoto da gwaji, sai aka dawo da "ba kome". Maigida ya ce, "Ai dama na faɗa miki." Uwar miji ta ce son jiki ne. Daga nan ko ta ji wani abu a jikinta sai ta yi shiru, don kada a ce ta cika raki. Iyayenmu maza, kuɗin nan ba asara ba ne. Kun sayi sani da kwanciyar hankali da shi. In da amsar ta fito ta wata fuska, da kuɗin nan ne ya ceci ran uwar 'ya'yanku.

Na huɗu, shi ne ya fi wuyar faɗi a taro irin wannan: "Na riga na ba da shaida a gaban jama'a, in na koma asibiti kamar ina shakka ne." 'Yar'uwa, godiyarki tana nan, babu abin da ya taɓa ta. Manomin da ya yi addu'ar ruwa, ruwa ya sauka, ya yi godiya, washegari fartanya yake ɗauka ya tafi gona, babu kuma mai ce masa marar bangaskiya. Kula da jikin da aka ba ki amana ba rashin godiya ba ne. Ina roƙon shugabanninmu su riƙa faɗin wannan a fili, domin mata suna jin maganarku.

Abin da ya sa komawa ta zama dole

Akwai abin da ya kamata ku sani, zan kuma faɗe shi yadda yake, ba domin in tsorata kowa ba. Macen da aka taɓa samun wani abu a nononta, ko da an ce ba daji ba ne, ta ɗan fi sauran mata yiwuwar samun ciwon nan gaba. A ƙasar Suwidin, a shekarar 2023, an fitar da nazari a kan mata fiye da 45,000 da aka taɓa sake kiransu bayan hoto aka ce ba kome. Cikin shekara 20, wajen 11 cikin 100 sun kamu da ciwon. Cikin matan da ba a taɓa sake kiransu ba, wajen 7 cikin 100 ne suka kamu. Ku lura da kyau: 89 cikin 100 ba su kamu ba. Yawancinku ba za su taɓa samun ciwon ba. Amma bambancin ya isa ya sa mace ta riƙa zuwa a kan lokaci.

Ba dukan ƙullutu ne ɗaya ba a wannan fanni. Wani babban asibiti a Amurka mai suna Mayo ya bi mata fiye da 9,000 da aka ciri namansu aka ce ba daji ba ne, ya ba da sakamako a shekarar 2005. Masu ƙullin ruwa da makamantansa, haɗarinsu bai ƙaru sosai ba. Amma akwai wani iri da ƙwayoyin naman suka fara canza kama, ko da yake ba su zama daji ba. Masu wannan, haɗarinsu ya kai wajen ninki 4. Kun ga ke nan "ba kome" iri-iri ne. Shi ya sa ya kamata ki san sunan abin da aka samu a jikinki.

Akwai kuma dalili na biyu. Babu gwajin da ba ya kuskure. Hannu yana iya tsallake ƙaramin abu, hoto ma haka, musamman a nonon matasan mata wanda namansa ke da kauri. In hannu kaɗai aka sa aka ce miki ba kome, ƙullutun kuma yana girma, ko yana ƙara tauri, ko ya daina motsi, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ki koma, ki nemi a yi hoto da gwajin allura.

Wasu suna tsoron cewa allurar ce take ta da ciwon, ko hasken na'urar hoto ne yake kawo shi. Allura ba ta haifar da ciwon daji, nuna shi kawai take yi in yana nan. Hasken mamogiram kaɗan ne ƙwarai, sikanin kuwa ba shi da irin wannan haske sam. Haka kuma ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba sammu ba ne, ajiye kuɗi a rigar nono kuma ba ya kawo shi.

Halin da muke ciki a ƙasarmu

Ciwon daji na nono shi ne kan gaba a cikin dukan ire-iren dajin da ke kama mata a Nijeriya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mata fiye da 32,000 sun kamu a ƙasar nan a wannan shekara, fiye da 16,000 kuma sun rasu. Babban dalilin yawan mutuwar shi ne makara. A ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara, wajen kashi 3 cikin 4 na masu ciwon sai ya yi nisa suke isa asibiti. Da yawa kuma ba tsofaffi ba ne, mata ne masu shekara 40 da 'yan kai, masu yara a makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ciwon da aka kama yana ƙarami, kafin ya bazu, yawanci ana warkar da shi.

Wata za ta ce, "Mu da ba mu da na'ura, ina amfanin maganar?" Gaskiya ne, sai a manyan asibitoci, irin asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano da Maiduguri, aka fi samun cikakken gwaji. Amma hannun da aka horar yana aiki. A birnin Mumbai na ƙasar Indiya, an yi nazari na shekara 20 a kan mata fiye da 150,000. Rabinsu, mata ma'aikatan lafiya suna duba musu nono da hannu duk bayan shekara 2. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna an riƙa gano ciwon tun bai yi nisa ba, mutuwa kuma ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin mata masu shekara 50 zuwa sama. Asirin shi ne maimaitawa. Ba sau ɗaya aka duba su aka sallame su ba.

Tambayoyi huɗu kafin ki bar asibiti

In an ce miki ba ciwon daji ba ne, ki yi murna, amma kada murna ta fitar da ke kafin ki tambayi waɗannan:

1. Mene ne sunan abin da aka samu? A rubuta mini a takarda.
2. Ta wace hanya aka tabbatar: hannu, hoto, ko gwajin nama?
3. Yaushe zan dawo? A rubuta wata da shekara.
4. Wace alama ce in na gani zan dawo kafin ranar?

In kina jin nauyin likita, ki tafi da wadda za ta tambaya a madadinki. In za a yi miki aiki a cire ƙullutu, ki tabbata an aika da abin da aka cire zuwa ɗakin gwaji, ki kuma koma ki karɓi sakamakon. Kada a yanke a zubar. Ƙullutun da aka cire ba a gwada ba, babu wanda zai iya rantsewa a kan ko mene ne. Takardunki da hotunanki kuwa, ki sa su a leda ki ajiye inda kike ajiye katin rigakafin yara. Likitan da zai gan ki nan gaba yana bukatar tsohon hoto domin ya gwada shi da sabo.

Alamun da ba a jira da su

Ki san nononki kamar yadda kika san fuskar ɗanki. Sau ɗaya a wata, kwana kaɗan bayan al'ada ta ɗauke, ki duba lokacin wanka. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana ɗaya, misali ranar farko ta kowane wata. Ki hanzarta zuwa asibiti in kin ga:

- sabon ƙullutu a nono, ko kaluluwa a hammata;
- nono ɗaya ya canza girma ko kama;
- fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo;
- kan nono ya shige ciki, alhali dā ba haka yake ba;
- jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono ba tare da an matsa ba;
- gyambo ko kumburi da ya ƙi jin magani.

Kada ki jira zafi. Sau da yawa ciwon daji ba ya zafi a farkonsa, shi ya sa yake ruɗin mutane. Kada kuma ki ce ai babu mai shi a danginku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da aka sani, in ban da cewa su mata ne kuma sun wuce shekara 40. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yin ciwon, ta gaya wa likita, domin ita za a fi sa mata ido. Shayar da yaro nono yana rage haɗari. Giya, har da burukutu, tana ƙara shi. Ko babu wata alama, macen da ta kai shekara 40 ta riƙa zuwa ma'aikaciyar lafiya ta duba ta a kai a kai, a kuma yi hoto in akwai hali.

Aikin da ke gabanmu tare

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ga abin da kowace Zumunta za ta iya yi ba tare da jiran taimako daga waje ba. A zaɓi mace ɗaya mai riƙon asiri ta riƙe littafi. Duk wadda aka ba ranar komawa, in ta yarda, a rubuta ranar, a tuna mata in ta kusa. Kada a bar kowa ta tafi ita kaɗai, musamman ranar karɓar sakamako. A ware wani abu daga adashe ko asusun Zumunta domin kuɗin mota, gama sau da yawa kuɗin mota ne kaɗai yake tsakanin mace da asibiti. In mata uku ko huɗu suna da rana kusa da juna, su haɗu su tafi tare.

Ku kuma da aka taɓa duba ku aka ce ba kome, kuna da aikin da ni ba zan iya ba. Matan gari sun saba jin labarin wadda ta je asibiti aka yanke mata nono, ko wadda ba ta dawo ba. Ba su cika jin labarin wadda ta je ta dawo lafiya ba, ga shi kuwa ku ne kuka fi yawa. Ku ba da labarinku. Ku gaya musu yadda allurar take, da yadda jiran yake, ku kuma gaya musu ranar da za ku koma.

Iyayenmu maza, abu biyu nake roƙo. In matarka ta ce ta ji wani abu, kada ka ce, "Kin sake farawa ke nan." Ka tambaye ta yaushe za ku tafi. Ka kuma riƙe ranar komawarta a ka, kamar yadda kake riƙe ranar kasuwa.

Kafin mu tashi, duk wadda ranar komawarta ta riga ta wuce, ko da shekara biyu ne, kada kunya ta hana ta. Ta same ni a bayan taro mu duba takardarta tare, mu sa sabuwar rana. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Cikin dalilai huɗun nan, wanne ne ya fi hana mata komawa asibiti a garinku?
2. Ina ne wuri mafi kusa da ku da ake duba nono, nawa ne kuma kuɗin zuwa da dawowa?
3. Wa za ku zaɓa ta riƙe littafin tunawa, ta yaya kuma za a kiyaye asirin kowace mace?
4. Ta yaya za a jawo maza cikin wannan magana?